Kambun da bai je Abijan ba

Ni gajere ne. Gara in faɗa da bakina tun farko, don duk wanda ya san ni a Filinge da wannan zai fara. Matata gajera ce, 'ya'yanmu ma duka gajeru, in muka jeru ranar salla kamar an jera turame. Sai ɗana na biyu ya je bayan tasha ya auro ɗiyar wani dogon mutum, Alhaji, wanda in zai shiga masallacin unguwarmu sai ya sunkuya kamar ya fara ruku'u tun daga ƙofa. Daga auren nan aka samu jikata. Tun tana aji huɗu a lakkwal take kallon tsakiyar kaina, tana gaya mini inda furfura ta fi yawa.

Ubanta ya daɗe a Libiya wajen nema, sai yarinyar ta tashi tsakanin gida biyu, ta sha fura a nawa, ta ci tuwo a na dogon. Ni ina kiranta amarya, kamar yadda kowane kaka yake kiran jikarsa, ita kuma ta ce mini tsohon miji. Dogon ba ya wasan jika. Shi mutum ne mai carbi da agogo, maganarsa kaɗan, kuma abin haushin shi ne duk abin da ya ce zai yi sai ya yi.

Da ta shiga kwaleji, mushen wasanni, wato malamin da ke koya musu wasa, ya gan ta ya ce wannan tsawo ba na banza ba ne, ya sa ta cikin 'yan ƙwallon kwando. Na je sau ɗaya na leƙa. Fili ne na siminti, da ƙarfe biyu a tsaye, kowane da kwando a sama. Na duba da kyau sai na ga kwandon ba shi da gindi. Yara suna gudu, suna gumi, suna ture juna, in ɗaya ta samu ta jefa ƙwallon ciki sai ya faɗo ta ƙasa, a koma a sake. Na dawo fadarmu ta gindin iccen dogon yaro kusa da masu faci, na kwana bakwai ina ba da labarin, ana dariya. Na ce ni dai da na haifi mai zuba hatsi a rumbun da ba shi da gindi, da na kai shi a yi masa rubutu. Dogon yana zaune a wurin, bai yi dariya ba. Shi ne kuma ya riƙa ɗora ta a bayan kekensa kowace la'asar, ƙafafunta suna jan ƙasa, ya kai ta filin, ya zauna a inuwa yana jan carbi har a tashi. Shekara uku yana haka. Ni a lokacin na ce aikin yi ne ba shi da shi.

Daga nan aka kai ta Yamai, daga Yamai wata ekip ta Abijan, wato ƙungiyar ƙwallo, ta ɗauke ta, irin wadda ake biyan 'yan wasa albashi a ƙarshen wata kamar ma'aikatan gwamnati. Abijan ɗin nan da samarinmu suke zuwa cin rani su yi dako, ita ƙwallo ya kai ta.

Wata Talata da hantsi uwarta ta shigo da salula a hannu, tana dariya tana share hawaye da gefen zane. Ta miƙa mini. Sai ga amaryata cikin wani ɗaki mai fitilu, an ba ta kofi mai ƙyalli, mutane suna tafi. Na tambaya ko ekip ɗinsu ce ta cinye kowa. Uwar ta ce a'a, Baba, wannan ita kaɗai aka ba. Kowace shekara sukan duba duk 'yan matan da suka fara wasa a shekarar, su zaɓi wadda ta fi, su ba ta kyautar sabuwar shiga.

Ban ɓoye ba, abin da ya fara zuwa zuciyata ba murna ba ne. Ni na yi kokowa rani goma sha ɗaya. Na shiga fage a Filinge, na shiga a ƙauyukan Kurfai kusan duka, har Abala na taɓa zuwa a ƙafa don a kā da ni a gaban baƙi. A zamaninmu sabon shiga shi ke ɗaukar jakar manya, shi ke ɗebo musu ruwa, shi ake fara turawa fage don makaɗa su ɗumama hannu. Kyautarsa ƙasa a baki. Ni kuma na daɗe ina sabon shiga, don ban taɓa wuce matsayin ba. Abin da na fito da shi daga kokowa haƙori ɗaya ne da babu, da kafaɗa mai gaya mini za a yi ruwa. Yanzu ga wata duniya inda ake ba mutum kofi tun bai san hanyar gidan wanka ba.

Wannan kishin na haɗiye shi, don jinina ce. Na biyun ne ya tsaya mini a wuya. A cikin salular an miƙa mata abin magana, ta yi Faransanci mai tsawo. Ni aji uku na yi a lakkwal kafin in gudu, na dai tsinci "mersi". Na ce da uwar ta juya mini. Ta ce yarinyar tana gode wa Allah, da mushenta na kwaleji, da kakanta na wajen uwa wanda ya riƙa kai ta fili a keke.

Na ce, "Sai kuma wa?"

Ta ce, "Nan ta tsaya, Baba."

Na ce a sake kunnawa, ko salular ta yanke wani wuri. Aka sake. Ba ta yanke ba.

Gidana yana kan hanyar da ake bi zuwa bayan tasha. Tun daga azahar ɗin ranar mutane suka fara wucewa ta ƙofata za su yi wa dogon barka. Wasu su ɗaga mini hannu, wasu su ce, "Malam, ba ka tafi barka ba?" Ni, a ƙofar gidan ubanta. Da la'asar sai ga matata ta fito da zanenta na buki, ta sa turare. Na ce ina zuwa. Ta ce gidan Alhaji. Na ce ai ke ma kakarta ce, ke ya kamata a zo wa. Ta ce, "Ni ban yi wa kwandon mutane dariya ba," ta wuce.

Washegari na je fada na tarar an shimfiɗa wa dogon tabarmar da ake shimfiɗa wa baƙi, ana ta zuba masa albarka. Wani ya ce tsawon nasa ne, wani ya ce keken nasa ne. Na zauna a gefe ina sauraro har cikina ya cika. Sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

Na ce, "Ku dai ba ku san fage ba. Tsawo da keke ba su ba mutum nasara. Wa ya taɓa ganin an yi kaye ba shiri?"

Nan kowa ya juyo. A ƙasarmu duk yaro ya san ɗan kokowa ba ya shiga fage haka nan. In ya kā da wani, bayan an gama yi masa kirari, tambayar da ake yi a ɓoye ita ce wa ya ɗaura masa. Rabin nasarar na mai ɗaurin ne. Sai na sassauta murya na ce ranar da yarinyar za ta tafi, na ɗauki kambuna na kokowa na tura shi can ƙasan jakarta, ban gaya wa kowa ba.

Kambun dai akwai shi. Wani tsoho mai aikin gargajiya a wani ƙauye bayan duwatsu ya yi mini shi ina saurayi, na kai masa jan zakara. Jar fata ce aka ɗinke, ana ɗaurawa a damtse. Ya ce mini duk ranar da zan shiga fage kada wake ya shiga bakina. Ni kuma ban iya wuce mai ƙosai ba. Saboda haka har na bar kokowa ban tabbatar ba ko kambun ne ba ya aiki ko ni ne ban taɓa ba shi dama ba. Abin da babu shi ne zancen jaka. Kambun yana cikin tsohuwar tukunya a ƙarƙashin gadona, shekara talatin da wani abu bai ga rana ba.

Wani mai faci, sa'ana, ya ce, "Wane kambu? Wanda ka je Abala da shi?"

Na ce, "Shi. Ashe na mata ne, ni aka yi kuskuren ɗaura wa."

Aka yi dariya, amma na ga maganar ta zauna. Kafin ranar kasuwa ta zagaye garin. Masu wucewa barka suka fara tsayawa a ƙofata tukun. Wata mata ta kawo mini ƙwai ta ce ɗiyarta za ta yi jarrabawa, ko akwai ɗan abin da ya rage. Wasu 'yan kokowa biyu daga wajen Imanan suka zo suka durƙusa mini, abin da ba a taɓa yi mini ba lokacin da nake da ƙarfi. Na zauna ina gyaɗa kai kamar mai sani, ina cewa irin wanga aiki ba a yin sa kullum. Ban taɓa jin daɗin kwana biyar irin waɗannan ba.

Dogon bai ƙaryata ni ba. Da ya yi gardama da na ji sauƙi. Ya bari sai da fada ta cika, ya dube ni daga can sama ya ce, "Malam, Allah ya saka maka. Ta buga mini, tana zuwa hutu ranar Alhamis da motar Yamai. Sai mu tarbe ta tare a tasha, ta yi maka godiyarka gaban jama'a, tunda ta manta a can."

Na ce madalla. Na dawo gida na tarar matata ta share ƙarƙashin gado, abin da takan yi sau ɗaya a shekara. Tana zaune a tsakar gida, kambun yana kan murfin kwano a gabanta.

Ta ce, "Wanga kuma na wa ne? Ko tagwaye aka yi maka?"

Na ce ta rage murya. Ta ce muryarta ba ita ce matsalata ba, yarinyar ba ta ƙarya, da ta gado ƙarya daga wajenmu da tuni an sani.

Na yi tunanin buga mata, amma salula sai ta hannun uwarta, uwarta kuma ɗiyar dogon ce. Sai dabara ta zo mini. Motar Yamai ba ta isowa Filinge sai ta tsaya Bonkuku ta sauke kaya. Ranar Alhamis da sassafe na sa kambun a aljihun ciki, na ce da mutanen gida zan je sayen dankalin turawa, na shiga motar farko mai gangarawa kudu.

Na wuni a bakin hanya a Bonkuku. Duk motar da ta tsaya sai in bi tagogi ina ɗage, har wani direba ya tambaye ni ko akuyata aka sace. Wajen azahar sai ga wata ta tsaya, na ga gwiwoyi biyu a gidan gaba sun kusa taɓa gilashi. Ta gan ni kafin in yi magana.

Ta ce, "Tsohon miji, mi ya kawo ka nan? Sabuwar amarya ka zo nema?"

Na ce ta sauko mu gaisa. Ta sauko, ta durƙusa ta gaishe ni, sai muka zama kai ɗaya. Na ja ta bayan wata rumfa inda ake tara buhuna, na gaya mata duka. Ban rage ba, har da ƙwan matar nan. Tana saurare tana cije leɓe, da na kai wurin 'yan kokowar da suka durƙusa mini sai dariyar ta ƙwace mata, ta dafa buhu.

Na ce, "Amarya, ba abin dariya ba ne. Kalma ɗaya nake roƙo. In sun tambaye ki ki ce e, kin gan shi a jaka."

Ta ce, "Ban gan shi ba."

"Ga shi, gan shi yanzu."

Ta karɓa da yatsa biyu, ta juya shi, ta kai kusa da hanci ta janye. Ta ce, "Shi ne wanda Iya matarka ta ce ka sha ƙasa da shi a gari bakwai?"

Na ce tara ne, kuma wake ne ya jawo.

Ta sake juya shi a hannu. Sannan ta ce, "Ka ji haushi ban ambace ka ba."

Na ce ni ba na jin haushi, ni ba yaro ba ne. Ta ce to mi ya kawo ni Bonkuku da rana tsaka ba ko buhun dankali. Na ce dai ai ko sunan gidan ubanta ta faɗa, ko mutane su san ba daga sama ta faɗo wa dogon ba.

Ta ce, "Mi zan ce musu ka yi? Ka ce kwandona ba shi da gindi. Har Yamai maganar ta bi ni, in na gaji sai in tuna, in ce sai na dawo na nuna wa tsohon nan. In kana so in faɗi wannan, zan faɗa, don gaskiya ce."

Na ce a'a, wannan ta bar shi tsakaninmu. Direba ya danna oda. Ta buɗe jakarta ta jefa kambun ciki, ta ce in zo mu tafi, za ta ga abin da za ta iya. Aka matsa mini wuri a baya tsakanin wata mai kaji da buhun albasa. Har muka iso ina kallon ƙeyarta, ina ƙoƙarin gane abin da ke ciki.

A tasha dogon ya tara mutane har da makaɗa. 'Yan matan kwaleji sun zo da ƙwallo suna bubbuga shi a ƙasa. Da aka ga na fito daga motar sai aka fara kallon juna. Ta gaida dogon, ya dafa kanta, ta fito da kofin daga cikin wani zane ta miƙa masa. Na lura shi ta fara miƙa wa. Mai facin nan bai bari an nisa ba, ya ce, "Ɗiyata, gaya mana gaskiya, kambun tsohon ga yana jakarki?"

Ta ce, "Yana ciki, Baba." Ta zaro shi ta ɗaga sama, inda kowa zai gani. Na ji kafaɗuna sun buɗe. Sai ta ci gaba. "Ɗazu ya ba ni shi a Bonkuku. Kofin bana keken Alhaji ne ya ciwo shi. Wanga na baɗi ne. Baɗi ba ni cikin sabbin shiga, da manya za a gwada ni. In na ci, ku zo ku yi masa barka. In na faɗi, kun san ƙofar gidansa."

Ban taɓa jin tasha ta yi dariya irin ta ranar ba, har mai sayar da tikiti ya fito. Makaɗan ma suka juya ganga suka buga mini kiɗan da ake yi wa wanda ya sha kaye, kiɗan da ƙafafuna suka sani tun ina saurayi. Ba abin da ya rage sai in taka, na taka. Dogon bai yi dariya ba. Ya sunkuyo ya ce, "Malam, riƙe mini kofin nan, hannuna ya gaji." Na san hannunsa bai gaji ba. Na karɓa duk da haka, na rungume shi har ƙofar gidansa, nan ya karɓi abinsa. Bai kai nauyin da na zata ba.

Matar nan ta aiko a mayar mata da ƙwanta, na ce an ci. Amma abin mamaki, garin bai watsar da ni ba. Tunda yarinyar da bakinta ta ce na baɗi ne, sai aka koma jiran baɗi. Ni kuma nan barcina ya ragu. Na zauna na lissafa fagen da na shiga da kambun nan, na cire ranakun ƙosai, na ga akwai wajen sau huɗu da ban ci wake ba, kuma duka huɗun na sha ƙasa, ɗaya ma tun makaɗa ba su gyara zama ba. Wannan abin ne zai kwana cikin jakar jikata shekara guda, kusa da takalmanta na wasa.

Ranar da za ta koma, da safe ta tafi yin sallama gidan dogon, ta bar jakar a zaurena. Na zagaya ta sau uku. Na buɗe, na laluba ƙarƙashin kaya, na zaro shi na mayar aljihu. Matata tana bakin murhu, ta gan ni, ta ci gaba da hura wutarta.

Bayan kwana biyu uwarta ta kawo mini salula, ta ce daga Yamai ne, kafin ta hau jirgi. Na fita waje da ita.

Ta ce, "Tsohon miji, an yi mini sata a gidanka."

Na ce garin ya lalace, ɓarayi ko'ina.

Ta ce, "To. Ni ba zan ɗauko zancen ba. Amma ka sani, duk wanda ya tambaye ni, zan faɗa masa."

Har yau ba wanda ya tambaye ta. Mutanen Filinge suna nan sun sakankance kambun yana Abijan, duk ranar da aka ce ekip ɗinsu ta ci sai a ɗaga mini hannu a kasuwa, in amsa da kai ɗaya, ban ce e ba ban ce a'a ba. Kofin yana gidan dogon a kan telebijin, an shimfiɗa masa ɗan ƙyalle. Ranar Juma'a bayan masallaci takan buga masa, ni kuma na mayar da ita ranar ziyarata. Nakan zauna kusa da shi, in ya fara tsawaita magana sai in ce a ba ni in gaida amaryata, in riƙe salular har ta ce an kira su fili.